Godiyar Inna ta Bayan Katako

"Na gode wa Allah da Ya kawo mini ruwa har cikin ɗaki."

Ina tsaye a bakin ƙofarta na ji wannan magana, ko numfashi ban gama saukewa ba. Matakala hamsin da huɗu na hawo, jarka ɗaya a ka, ɗaya a hannu, zufa na shigar mini ido. Na dire ta hannun na ce, "Inna, Allah ne Ya kawo, babu musu. Amma da ƙafar wa Ya aiko?"

"Sannu, 'yar nan," ta ce, tana laluben carbinta a kan tabarma. "Matsar da ita daga hanya, kada in yi tuntuɓe."

Na matsar. Na ja tsaki ƙasa-ƙasa na shige namu ɗakin.

Ɗakinmu da na Inna asalinsa ɗaki ɗaya ne. Mai benen, mutum mai dabara, shi ya sa kafinta ya raba shi da katako, ya zuba 'yan haya biyu. Don haka idan Inna ta yi atishawa, mu ke ce mata sannu. Idan ni da maigidana muka yi faɗa, washegari ita ke gaya mini wanda ya fi gaskiya, kuma ba ta taɓa ba ni ba. Gadonmu a jikin katakon yake, tabarmarta ma a jikinsa take, ta ɗaya gefen.

Maigidan nawa kowa Direba yake ce masa, har ni. Babbar mota yake ja, kafin ta kife da shi a watan takwas, a sa masa ƙarfe a ƙafa. Tun daga lokacin yana kwance, ba shi da aiki sai sauraron Inna da tsokanata. Ina shiga ya ɗaga hannu biyu sama ya kwaikwayi muryarta, "Na gode da Ya kawo mini mata mai tsaki har cikin ɗaki."

"Ka ci gaba," na ce. "Yau da ƙafarka za ka je banɗaki."

Inna tana da wata ɗabi'a da ban taɓa ganin irinta ba. Idan shekara ta rage kwana goma sha biyu, sai ta raba wa kowane wata rana guda. Ƙarfe biyar na yamma za ta jingina da katakon, ta ɗauko watan tun daga farkonsa, ta bi shi daki-daki tana godiya da babbar murya, saboda kunnenta ya yi nauyi, a zatonta raɗa take yi. Ba ta barin komai. Ta gode wa mai shagon ƙasa da ya ba ta kwalin da take ajiye magani. Ta gode wa wata ƙusa da ta riƙe mata labule shekara guda ba ta faɗo ba. Ta gode wa magen da ke kwana a kan matakala, wadda saura kaɗan ta karya mini wuya sau biyu.

Ni ce kawai ba na cikin jerin. Shekara uku muna tare, shekara uku ina kasa kunne, ko da kuskure ba ta taɓa sako ni ba. Shekarun baya ban damu ba. Bana kuwa abin ya tsaya mini a maƙoshi, don bana ce injin ruwan benen ya mutu tun watan biyu, mai benen ya ce ana nan ana gyara. Bana ce idonta ya ƙarasa rufewa, ɗanta ɗaya tilo yana wata ƙasa mai nisa, sai waya sau ɗaya a wata. Ruwa ni, shara ni, ɗiga maganin ido ni, yanke farce ni. Duk wannan kuma bayan na wuni a tsaye a shagon wanki da guga, ina goge rigunan mutanen da ko sunana ba su sani ba.

Ba lada nake nema a wurinta ba, Allah Ya sani. So nake kawai in ji, sau ɗaya, a tsakanin ƙusa da mage, an ce ga wance ma.

"Ke ma dai," in ji Direba. "Kishi da ƙusa?"

"Eh, kishi da ƙusa. Ƙusar ta taɓa hawa bene da jarka?"

Ranar watan huɗu na dawo da wuri ba don na so ba. A watan huɗu na yi ɓari, cikin wata biyar, bayan shekara shida muna jira. Direba yana kan hanya a lokacin, ni kaɗai na dawo daga asibiti na kwanta a gadon nan. Na san me watan ya yi mini, sai na tsaya in ji abin da ya yi wa Inna.

Ta gode da sabuwar tsintsiya. Ta gode wa wayar da ta yi ƙara sau biyu maimakon ɗaya. Sai ta ce, "Na gode da ruwan saman da aka yi ranar sha bakwai. Ya daki kwano da ƙarfi, ya daɗe yana duka, har duk mai son yin kuka ya yi nasa ba wanda ya ji."

Direba bai kwaikwayi wannan ba. Ni kuwa raina ne ya ƙara ɓaci. Wato ta ji ni. Ta ji ni sarai, ta san ranar, ta riƙe kwanan watan, amma ruwan sama ne ya samu godiya. Na tashi na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Abin ya kai ni maƙura ranar watan bakwai. A watan ne Inna ta zame a banɗaki, numfashinta yana fita da ƙyar. Babu namiji ko ɗaya a benen da rana tsaka. Ni na goya ta a baya, na sauko da ita matakala hamsin da huɗu, na tare tasi, na kwana uku a kan benci a asibiti. A nan likita ya ja ni gefe, a zatonsa 'yarta ce ni, ya ce zuciyarta ta gaji, a bi ta a hankali. Bayana bai koma daidai ba har yau.

Na zauna a bakin gado tun biyar saura, na ce wa Direba, "Yau dai sai ta faɗa. Babu ta inda za ta bi ta kauce."

"Mu sa kunne," ya ce.

Ta gyara murya. "Na gode da ƙarfen matakala da ya ba da wurin dafawa. Na gode wa mai tasi da ya bi ramuka a hankali. Na gode wa likita, ko da yake fuskarsa babu fara'a, hannunsa na da sanyi. Na gode wa wanda ya ƙera bencin asibiti, ya yi shi da faɗi."

Shi ke nan. Ta wuce zancen wani sabulu mai ƙamshi.

Direba ya cusa fuska a filo, kafaɗunsa na rawa. Na ce, "Ƙarfen matakala. Ni na dafa shi, ba ita ba. Tana bayana kamar buhu, ƙarfen me ta dafa? Mai benci kuwa, don Allah wa ya kwanta a bencin?"

"Ki rage murya, tana ji."

"Ta ji mana. Daga yau na daina. Ƙarfen matakala ya hawo mata da ruwa, mai tasi ya ɗiga mata magani."

"Ba za ki iya ba."

"Za ka gani."

Washegari jarka ɗaya na hawo da ita, tamu. Na wuce ƙofarta a kan yatsun ƙafa, sai ka ce ɓarauniya, alhali ni aka yi wa laifi. A shago na ƙona yatsa da dutsen guga, don hankalina yana kan ko nawa ya rage a jarkarta. Na san rabi na bari jiya. Na san kuma ba ta iya tsiyayawa ba tare da ta zubar ba. Da yamma ta yi godiyar watan takwas. Ta gode da motar Direba ta kife a gefen da babu rami, ta gode wa wanda ya ƙera ƙarfen da aka sa masa. Wadda ke kwashe masa fo safe da yamma ba ta shigo ciki ba.

"Ni dai na samu shiga," in ji Direba.

"Ƙarfenka ne ya samu shiga, ba kai ba."

Kwana na biyu ma na wuce. Ba ta kira ni ba, ba ta ƙwanƙwasa katako ba, ko tari ba ta yi don in ji ba. Taurin kai irin na Inna sai wanda ya zauna da ita. Ƙarfe biyar ta fara watan tara, muryar a bushe, tana tsayawa tana haɗiyar yawu. Can cikin jerin sai na ji ta ce, "Na gode da rabin kofin da ya rage. Rabi ma ruwa ne."

Ban san lokacin da na sunkuci jarkarmu ba. Na banka ƙofarta, na cika mata kofi, na danƙa mata a hannu, na tsaya a kanta har ta shanye. Ɗakin yana nan yadda na bar shi: tabarma, kwalin magani, tsohon kwandon saƙarta da zaren da ba ta ƙara taɓawa ba, hoton ɗanta a jikin bango ya karkace. Kwalbar maganin ido tana ƙasa, murfin a buɗe, ta yi ƙoƙarin ɗigawa da kanta ta zubar da rabi a kumatu.

"Inna, me na yi miki?"

"Me kika gani?"

"Me ban gani ba? Kin gode wa ƙusa. Kin gode wa mage. Kin gode wa mutumin da ya ƙera benci, wanda ba ki san ko yana raye ba. Ni da nake hawa da sauka a kanki, ko a ƙarshen layi ba ki taɓa sa ni ba. In laifi na yi, ki faɗa mini. In kuma ba na cikin mutane ne, shi ma ki faɗa."

"Ashe kina ji."

"Ina ji? Har mutanen hawa na biyu suna ji."

Ta juya kofin a hannunta. Ta buga tabarma gefenta, alamar in zauna. Na ƙi. Ta ƙara bugawa, na zauna.

"Shekara talatin da wani abu nake wannan godiya," ta ce. "Da can da manya nake farawa, kamar kowa. Wata shekara na zauna na ce na gode da mijina, mutum mai haƙuri. Bai ƙara wata biyu ba. Shekara ta zagayo, na ce to na gode da aka bar mini 'yata. Haihuwa ta tafi da ita, har abin da ke cikin. Na daɗe ban ƙara ambaton mutum ba. Sai wata shekara na sake jiki, na ce na gode ɗana yana kusa da ni. Kafin ruwa ya sauka takardar tafiyarsa ta fito. Na ce na gode da idona da nake saƙa da shi." Ta ɗaga hannu ta shafa fuskarta. "Ga shi nan kina ɗiga masa magani."

Na kai ido kan kwalbar maganin.

"Tun daga nan na koma kan cokali da ƙusa. In an ɗauke cokali, ai na samu wani. Ke kuwa ɓoye ki nake yi, 'yar nan. Ina zagaye ki. In na zo kanki sai in kama abin da ke kusa da ke in gode masa."

Na juyo na kalle ta. Da na buɗe baki kuma, faɗa ne ya fito, don ni ban iya wani abu ba. "Haba Inna. Da girmanki, da carbinki a hannu? Wannan ai camfi ne. Wa ya gaya miki ana ƙwace wa mai godiya? Kowa da lokacinsa, ko kin ambata ko ba ki ambata ba."

"Na sani. An gaya mini, ni ma na gaya wa kaina. Kaina ya yarda, bakina ne ya ƙi."

"Kuma ki bar ni shekara uku ina cin raina?"

"Gara ki ci ranki kina nan."

Na ja tsaki, na kwantar da kanta a cinyata, na ɗiga mata maganin. Ɗigo biyu ne ka'ida, na ɗiga uku, ta ce za ta kai ƙarata wurin likita.

Da na koma, Direba yana kallon rufi. Katako ba ya ɓoye komai, ya ji duk abin da aka faɗa. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Sai can ya ce, "Kin ba ta ruwanmu duka. Da me za mu sha shayi?"

Na ɗauki jarkar da babu komai na sake sauka.

Ga abin haushin. Ni da na ce camfi ne, ni ce kuma washegari na zauna a bakin gado ƙarfe biyar gabana na faɗuwa. Kwana tara ina jira a ambace ni, yanzu kuma duk ta ja numfashi sai in ce a raina, wuce, Inna, wuce. Ta yi watan goma. Ta gode wa silifas ɗin da ke tafi a kan matakala da safe. Nawa ne silifas ɗin. Ta gode wa almakashin yanke farce. Na sauke ajiyar zuciya.

"Kin tsira yau," in ji Direba.

"Wa ya ce maka tsoro nake ji?"

"Ba kowa. Zanin gadon kawai kika kusa yagawa."

Ranar watan sha ɗaya ba ta iya jingina da kanta ba, sai da na sa mata filo biyu. Ƙafafunta sun kumbura, burodin da na jiƙa mata a shayi loma biyu ta ci. Na sauka na kira nas ɗin da ke hawa na biyu. Ta auna ta, ta saurari ƙirjinta, ta fito da ni waje ta ce a koma asibiti. Inna ta jiyo, kunnen da ba ya ji sai abin da ya ga dama, ta ce babu inda za ta, saura mata wata biyu ba ta gama ba, kuma bayana ba zai ɗauki wani goyon ba. Na kira ɗanta. Ya yi kuka a waya, ya ce yana neman jirgi, ya ce in sa masa ita. Ta tambaye shi ko yana cin abinci, ta ce sanyin can bai yi masa yawa ba ko, ta miƙo mini wayar. Godiyar ranar gajera ce: filo, taga, da wata tattabara da ke sauka a bakinta.

Ranar ƙarshe ta shekara ban je shago ba. Na roƙi mai shagon ya bar ni in taho da aikin gida, riguna goma sha biyar na wani mutum mai tsantseni da ba ya son ko layi ɗaya ya karkace. Na shimfiɗa bargo a kan tebur kusa da katakon, ina guga ina saurare. An ba da wuta, abin mamaki, ta kuma zauna. Na leƙa ta sau shida kafin la'asar, har ta ce in bar ta ta huta da ƙarar ƙofa.

Ƙarfe biyar ta fara. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na matsa kunne. Ta gode da kofin. Ta gode da nas. Ta gode da muryar ɗanta. Na ɗaga kai na kalli Direba, shi ma ni yake kallo, don ɗan nata mutum ne, ba cokali ba. Sai na ɗora dutsen guga a kan farar riga, na ji ta ce:

"Na gode da 'yar bayan katako. Mai guga. Na gode da ƙafarta, na san takunta, tana hutawa a matakala ta arba'in. Na gode da bayanta da ya goya ni. Na gode da tsakinta, don in na ji shi na san ba ni kaɗai ba ce a duniya."

Na fita a guje babu ko ɗankwali.

"Ki janye," na ce tun daga ƙofa. "Inna, ki janye maganar nan. Wa ya sa ki? Wa ya roƙe ki?"

"Ke mana. Kwana uku da suka wuce, a nan inda kike tsaye."

"To na fasa. Ki koma kan ƙusarki."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, na ɗago ta na ba ta ruwa. Da ya lafa ta laluba ta kama hannuna. "Kwantar da hankalinki. Babu abin da zai same ki. Da ina tsoron a ɗauke mini ke ne a bar ni. Yanzu ni ce a gaba, ba a ɗauke wa mai tafiya komai."

"Babu inda za ki. Ɗanki yana hanya. Kuma ni ban gama da ke ba, farcenki ma ya isa yanka."

"To yanke."

Na ɗauko almakashi ina yanka ina yi mata faɗa, hawaye na ɗiga a kan yatsunta, ina cewa zufa ce. Ta bayan katako muka ji ƙarar faɗuwar kujera, da Direba yana nishi yana salati, sai ƙaurin ƙuna ya biyo. Ya ja jiki ya zare wayar dutsen, amma farar rigar mai tsantseni ta riga ta samu hoton dutsen guga a tsakiyar baya.

"Me ke ƙauri?" in ji Inna.

"Aikina ne ke ƙonewa, albarkacin godiyarki."

A ɗakinta na kwana. Da gari ya waye, ranar farko ta sabuwar shekara, sai ta tashi garau, har ta sha rabin kofin shayi, ta ce ya yi sukari da yawa. Na ji sanyi a raina. Na ce ashe tsoratar da ni kawai ta yi, tsohuwa mai wayo. Rana ta ɗan ɗaga ta ce, "Jarkar nan ta yi sauƙi, na ji da kika ɗaga ta. Je ki kawo ruwa."

"Akwai saura."

"Je ki dai. Ina son mai sanyi."

Na sauka ina mita. Layi ne a bakin famfon titi, wata mata ta shiga gabana, muka yi 'yar cacar baki. Na cika jarka biyu na kamo hanya. A matakala ta arba'in na dire, na dafa ƙarfen, na huta fiye da kullum, don bayana ya riƙe, kuma ina shirya abin da zan gaya wa mai farar riga. Sannan na ƙarasa sha huɗun.

Direba na gani a tsaye a bakin ƙofar Inna, a kan sanduna biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Wata biyar ke nan bai taka wajen ɗaki ba. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Na sauke ta kan, na ajiye ta hannun.

"Sai da ta kore ni," na ce. "Ka gani ko? Ko a nan ma sai da ta yi mini nata."

"Tana ƙirga takunki," ya ce. "Tun da silifas ɗinki ya fara ƙara daga ƙasa. Ina ji ta katako."

"Ta kai nawa?"

"Arba'in. Ta ce bari ta huta, sai ta yi shiru. Na jira ta ci gaba."

Aka kai ta makwancinta a ranar. Ɗanta ya iso bayan kwana biyu, ya kwashe hoto da kwandon saƙa, ya riƙe hannuna yana ta godiya har na ce masa ya isa haka, ban saba ba. Mai benen ya sa kwado a ƙofar, ya ce kuma injin ruwa ana nan ana gyara. Mai farar riga ya kalli ƙunar, ya kalli idona, ya ninke rigarsa ya tafi.

Har sati ya zagayo ina hawowa da jarka biyu. Sai na iso sama in tuna, in tsaya da ta Inna a hannu a gaban kwado, in ja tsaki babu mai ji.

Wata yamma na dawo, na ajiye jarkokin, na zauna a ƙasa na jingina da katakon don bayana. Agogo ya nuna biyar. Ɗayan gefen shiru, sai tattabarar nan tana tafiya a bakin taga. Direba yana kwance ya ɗora ƙafar a kan filo, bai kunna rediyo ba.

"Na gode da dutsen guga," na ce, ina jin kaina kamar wata sakarya. "Na gode wa mai farar riga. Na gode da ƙarfen matakala. Na gode da mage, ko da yake ban yafe mata ba. Na gode da sandunan nan biyu. Na gode da filon da ke ƙarƙashin ƙafa, da wanda ya ɗinka shi."

Na tsaya a nan. Direba ya jira, ina jin yana jira. Da ya ga na miƙe na ɗora ruwan shayi, sai ya gyara filon da hannu, ya juya fuskarsa wajen katako.